Abin da Kunne ya Ƙi: Tarihin Koken Masu Kallon Telebijin a Birtaniya a kan Harshe (1936-2021)

0. Gabatarwa

Galibin Hausawa sun san BBC ta hanyar sashenta na Hausa, wanda ya soma aiki a shekarar 1957, kuma sun san yadda masu saurare ke aika wa gidan wasiƙu na yabo ko na suka. A can Birtaniya, al'adar faɗin ra'ayi a kan shirin da aka ji ko aka kalla jiya da dare tana da dogon tarihi, har ta haifar da ofisoshi da dokoki da ƙungiyoyi, da ma shirye-shirye na musamman. Wannan maƙala za ta bi sawun ɓangare guda na wannan tarihi, watau koken da masu kallon telebijin suka riƙa yi a kan harshe. Dalilin zaɓen ɓangaren shi ne, ko da yake telebijin abin kallo ne, da yawa daga cikin manyan rigingimun da suka tashi a kansa magana ce ta tayar da su: yadda wani ya furta kalma, ko irin kalmar da ya furta, ko wanda ya jefa da ita.

Abin da muke son nunawa shi ne, iyakar abin da kunnen jama'a ke ƙi ta yi ƙaura sau biyu: daga lafazi zuwa ashar da saɓo, sa'an nan daga ashar zuwa kalmomin ƙasƙantar da wani jinsi. Kowace ƙaura kuwa ta biyo bayan sauyin da aka samu game da wanda ake ɗauka shi ne mai kallo. Zamunnan uku sun shiga juna. Mun raba su ne domin sauƙin nazari.

1. Hanyoyin jin ra'ayin mai kallo

BBC ta soma watsa shirye-shiryen telebijin na yau da kullum ran 2 ga Nuwamba 1936 daga Alexandra Palace a arewacin Landan. Yaƙin duniya na biyu ya sa aka dakatar da su ran 1 ga Satumba 1939, ba a koma ba sai watan Yuni 1946. Gidan ba ya rayuwa da talla. Kuɗin lasisi ke riƙe da shi, wanda duk gidan da ke da akwati yake biya, kuma a 1946 fam 2 ne a shekara. Wannan tsari yana da tasiri a kan batunmu, domin wanda ya biya yana ganin kansa mai gida ne, yana da ikon tsawatarwa. A ranar naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu, 2 ga Yuni 1953, fiye da mutum miliyon 20 suka kalli bikin ta telebijin. A 1955 kuma aka buɗe ITV, tashar da ke rayuwa da talla, BBC ta samu abokiyar gasa.

Tun daga farko hanyoyi biyu ne na sanin abin da jama'a ke tunani. Ta farko ita ce wasiƙa da wayar tarho, inda mai kallo ke kawo kansa. Ta biyu ita ce bincike, inda gidan ke fita neman mutane. A 1936 BBC ta ɗauki Robert Silvey domin ya kafa sashen binciken masu saurare, kuma daga ƙarshen 1939 ma'aikatansa suna tambayar mutum 800 kowace rana abin da suka saurara jiya. Daga baya aka faɗaɗa aikin ya haɗa da telebijin. Darasin da Silvey ya yi ta nanatawa shi ne, masu rubuto wasiƙa ba su wakiltar jama'a: mai fushi da mai ilimi da mai lokaci su ke rubutu, wanda ya ji daɗin shiri kuwa yakan kashe akwati ya kwanta.

Duk da haka wasiƙa ce ta fi yin suna. A 1961 BBC ta ƙirƙiro Points of View, ɗan gajeren shiri da ake karanta wasiƙun masu kallo a cikinsa, sau da yawa da muryar da ke sa a yi wa marubucin dariya. A 1982 sabuwar tashar Channel 4 ta fito da Right to Reply, inda mai koke ke zuwa ya fuskanci wanda ya shirya shirin ido da ido, har aka tanadi ɗan ɗaki mai na'urar ɗaukar hoto da kowa zai iya shiga ya faɗi nasa.

2. Zamanin lafazi

Telebijin ya gaji rigimar lafazi daga radiyo. A 1926 John Reith, shugaban BBC na farko, ya kafa kwamitin ba da shawara a kan furucin Ingilishi. A cikinsa akwai mawaƙi Robert Bridges, da marubuci George Bernard Shaw, da masana furuci biyu, Daniel Jones da Arthur Lloyd James. Kwamitin ya yi aiki har 1939. Lafazin da gidan ya ɗauka shi ne na waɗanda suka fito daga manyan makarantun kwana na masu hali da jami'o'in Oxford da Cambridge, har aka riƙa kiransa Ingilishin BBC. Masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta a shekarun 1970 cewa masu wannan lafazi ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba.

Abin lura shi ne, sauran jama'ar da ba su magana haka sun amince cewa haka ya kamata akwati ya yi magana. A 1941 aka sa Wilfred Pickles, mutumin Halifax a lardin Yorkshire, ya riƙa karanta labarai a radiyo da lafazin arewa. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne Jamusawa za su sha wuya kafin su kwaikwayi irin muryarsa domin yaɗa ƙarya. Wasiƙun suka sun yi ta zuwa, wasu na cewa ba su iya gaskata labarin da aka karanta da wannan baki. A nan mai saurare yana auna gaskiyar labari da ajin mai faɗinsa.

Zuwan ITV ya soma rushe wannan tsari, domin kamfanoninta na larduna ne, kuma mai talla yana son ma'aikacin masaƙa ya zauna gaban akwati kamar yadda yake son lauya. Ran 9 ga Disamba 1960 kamfanin Granada na Mancesta ya fara nuna Coronation Street, wasan kwaikwayo da Tony Warren ya ƙirƙiro a kan rayuwar wata unguwar talakawa, da karin harshen mutanen yankin. Kashi 13 kawai aka yi niyya, wani mai sharhi a jaridar Daily Mirror ma ya ce shirin ba zai kai ko'ina ba. Kafin ƙarshen 1961 ya shiga sahun gaba wajen yawan masu kallo, kuma a watan Fabrairu 2020 aka nuna kashi na 10,000. Masu kallo sun ba da hukuncinsu ta hanyar zama su kalla, ba tare da rubuta wasiƙa ba.

Koken lafazi bai mutu ba, ƙarfinsa ne ya ragu. A 2014 fiye da mutum 2,000 suka kai wa BBC ƙara a kan wasan Jamaica Inn, suna cewa ƴan wasan na gunguni da lafazin Cornwall, ba a jin abin da suke faɗi. A 2021 wani tsohon ɗan majalisar dattawa, Digby Jones, ya soki lafazin gabashin Landan na Alex Scott, mai gabatar da wasannin Olamfik. Ta mayar da martani cewa tana alfahari da inda ta fito, kuma shi ne ya sha suka.

3. Zamanin ashar da saɓo

Daga 1960 zuwa 1969 Hugh Carleton Greene ne ke shugabantar BBC, kuma ya buɗe ƙofa ga wasannin zambo a kan ƴan siyasa da wasannin kwaikwayo masu taɓo zaman aure da ciki da talauci. Martanin ya fito ne daga wata malamar makaranta a lardin Shropshire, Mary Whitehouse. A farkon 1964 ita da Norah Buckland, matar wani limamin coci, suka ƙaddamar da yaƙin tsabtace telebijin. Ran 5 ga Mayu 1964 suka cika babban zauren birnin Birmingham, takardar kokensu ta samu sa hannun ɗaruruwan dubban mutane, kuma a 1965 suka kafa ƙungiyar masu kallo da saurare ta ƙasa. Greene ya ƙi yarda ko su gana.

Hujjar Whitehouse ta ginu ne a kan wurin da akwati yake. Wanda ya je gidan wasa ko sinima shi ya kai kansa, amma telebijin yana cikin ɗaki, inda uwa da uba da yara ke zaune tare, saboda haka maganarsa maganar baƙo ce a gidan mutane. Mai kallon da take magana da sunansa shi ne iyali kirista mai kunya. Hukumomi sun karɓi rabin wannan hujja: tun shekarun 1960 aka tsai da ƙarfe 9 na dare a matsayin iyaka, kafin ta ba a nuna abin da bai dace da yara ba. Faransa ta bi wata hanya a 1961, inda aka riƙa sa ɗan farin murabba'i a gefen hoto domin gargaɗi.

Ran 13 ga Nuwamba 1965, a wani shirin dare da ake watsawa kai tsaye, mai sharhin wasanni Kenneth Tynan ya furta kalmar nan mai haruffa huɗu da ke nufin saduwa, yana cikin muhawara a kan tace wasanni. Magana zarar bunu ce, balle a shirin kai tsaye. BBC ta nemi gafara, kuma aka gabatar da ƙudurori huɗu a majalisar dokoki da sa hannun ƴan majalisa 133. Shekara 11 bayan haka, ran 1 ga Disamba 1976, mawaƙan Sex Pistols suka yi ta ashar a shirin Today na tashar Thames da maraice, lokacin da iyalai ke cin abinci, bayan mai gabatarwa Bill Grundy ya zuga su. Jaridu sun ba da labarin wani direban babbar mota da ya fasa akwatinsa da ƙafa don haushi. An dakatar da Grundy mako biyu, shirin kuma bai daɗe ba aka rufe shi.

A zamanin gwamnatin Margaret Thatcher koken ya samu gidan hukuma. A 1981 aka kafa hukumar sauraren ƙararraki a kan gidajen watsa labarai, a 1988 kuma majalisar kula da ɗa'a a shirye-shirye, ƙarƙashin William Rees-Mogg. An haɗe su a 1997, kuma a ƙarshen 2003 hukumar Ofcom ta gaje su. Babbar rigima ta ƙarshe a kan saɓo ta zo ne ran 8 ga Janairu 2005, da BBC ta nuna Jerry Springer: The Opera, wasan waƙa mai cike da ashar wanda ya sa Annabi Isa cikin ƴan wasa. Koke kimanin 55,000 suka iso tun kafin a nuna shi, watau daga mutanen da ba su kalla ba tukuna. Ƙarar saɓo da wata ƙungiyar kirista ta kai kotu ta faɗi a 2007, kuma a 2008 aka soke laifin saɓo daga dokokin Ingila da Wales.

4. Zamanin kalmomin ƙasƙanci

A daidai lokacin da ake ƙirga ashar, akwai wani abu a kan akwati da galibin masu kallo ba su ga laifinsa ba. Daga 1958 zuwa 1978 BBC ta nuna The Black and White Minstrel Show, inda mawaƙa farar fata ke shafa baƙi a fuska su kwaikwayi baƙar fatar kudancin Amurka na zamanin bauta. Shirin ya ci lambar zinariya a bikin Montreux a 1961, kuma masu kallonsa sukan wuce miliyon 16. A watan Mayu 1967 ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata da ake kira CARD ta kai wa BBC takardar koke mai sa hannun mutum kimanin 200, tana neman a daina. Gidan ya amsa cewa nishaɗi ne na gargajiya da ba shi da alaƙa da launi, aka ci gaba da shirin shekara 11. A lokacin kuwa baƙi daga Karibiyan da Indiya da Pakistan da Afirka sun riga sun zauna a ƙasar, suna biyan lasisi kamar kowa, sai dai ba a lissafa su cikin waɗanda akwati ke yi wa magana.

Wasan Till Death Us Do Part, wanda Johnny Speight ya rubuta aka nuna daga 1965 zuwa 1975, shi ya fi bayyana giɓin da ke tsakanin zamunnan biyu. Jigon wasan, Alf Garnett, tsoho ne mai zagin baƙi da Yahudawa da mata, kuma niyyar marubucin ita ce a yi wa jahilcinsa dariya. Whitehouse ta fi mai da hankali ga ƙirga sau nawa aka furta kalmar bloody, wadda ƙaramar ashar ce, da kuma yadda ake wasa da addini. Warren Mitchell, Bayahuden da ya fito a matsayin Garnett, ya sha ba da labarin mutanen da ke tare shi a hanya suna yaba masa don ya zagi baƙar fata, yana gaya masu cewa irinsu ake yi wa ba'a. A Amurka aka kwaikwayi wasan da sunan All in the Family, kuma binciken Neil Vidmar da Milton Rokeach na 1974 ya nuna masu ra'ayin wariya sun fi son jigon, suna ganin shi ke da gaskiya.

Masana a jami'ar Birmingham sun ba wannan lamari tushe na nazari. A 1973 Stuart Hall, haifaffen Jamaika, ya nuna cewa saƙon da mai shiri ya ƙulla ba lalle ne ya zama wanda mai kallo zai kwance ba: zai iya karɓa, ko ya karɓi wani sashe, ko ya juya shi. David Morley ya gwada wannan da shirin Nationwide a gaban rukuni 29, ya wallafa sakamakon a 1980. Daga cikin abin da ya gani, ɗalibai baƙar fata sun ce shirin bai shafe su ba ko kaɗan.

Akwai misali guda da ya iso yankinmu. Mind Your Language, wanda ITV ta nuna daga 1977 zuwa 1979, wasa ne a kan ajin koyon Ingilishi na dare, inda kowane ɗalibi baƙo ke ɗauke da lafazi da halin da ake laƙaba wa ƙasarsa. Yana da miliyoyin masu kallo lokacin da Michael Grade, ɗaya daga cikin shugabannin tashar, ya tsai da shi saboda yana ganin ƙasƙanci ne. Amma wasan ya samu karɓuwa ƙwarai a Nijeriya da Kenya da Indiya da wasu ƙasashe. Mai karatu ɗan Nijar zai iya kwatanta shi da wasan taubasai, irin na Filani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa. Bambancin shi ne, taubasai kowa na da ikon ramawa, kuma a gaban juna ake yi. A Landan ta 1978 gefe guda ke riƙe da akwati, yaron baƙo kuma shi zai je makaranta washegari a yi ta kwaikwayon bakin ubansa. Wanda ke kallo daga Kaduna ko Nairobi ba ya biyan wannan farashi, shi ya sa dariyarsa ta bambanta.

Sauyin ya fito fili a watan Janairu 2007, da wasu ƴan shirin Celebrity Big Brother suka yi ta muzanta ƴar fim ɗin Indiya Shilpa Shetty, suna ba'a ga lafazinta da abincinta da sunanta. Ofcom ta karɓi koke fiye da 44,000, maganar ta kai majalisa, ta kuma riski Gordon Brown, ministan kuɗi na lokacin, yana ziyara a Indiya. Masu kallo suka zaɓi Shetty ta ci gasar, hukumar kuma ta tilasta wa Channel 4 neman gafara a kan akwati. A watan Yuli 2020 wata ƴar jaridar BBC ta maimaita kalmar da aka fi ƙasƙantar da baƙar fata da ita a Ingilishi, cikin rahoto a kan wani hari a Bristol. Koke fiye da 18,000 suka zo, shugaban gidan Tony Hall ya nemi gafara a watan Agusta. Binciken da Ofcom ta wallafa a 2016 da 2021 ya tabbatar da alƙiblar: jama'a sun ƙara haƙuri da ashar, musamman bayan ƙarfe 9, sun kuma rage haƙuri da kalmomin wariya.

5. Yawan koke da nauyinsa

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan tarihi ya nuna sai an yi hattara da ƙidaya. Ɗaruruwan dubban da suka sa wa Whitehouse hannu sun samu hukumomi, sai dai ashar ta ƙaru a telebijin. Mutum 200 na 1967 an yi watsi da su, amma matsayinsu ne ya zama ƙa'ida, har a watan Yuni 2020 BBC ta janye wasan Little Britain daga rumbunta na intanet saboda shafa baƙi a fuska.

Intanet ya ƙara dagula lissafin, domin koke ya zama abu mai arha da ƙungiya ko jarida ke iya tarawa cikin kwana guda. A watan Satumba 2020 kimanin mutum 24,500 suka kai ƙara a kan rawar da ƙungiyar Diversity ta yi a shirin Britain's Got Talent game da kisan George Floyd. Ofcom ta ƙi buɗe bincike, kuma a 2021 ƙuri'ar jama'a ta ba wannan rawa lambar yabo ta Bafta. Masu koke da masu ƙuri'a duk masu kallo ne. Gargaɗin Silvey yana nan da ƙarfinsa.

6. Kammalawa

Mun bi koken masu kallo a Birtaniya ta matakai uku. A na farko an ɗauka akwati na magana ne da bakin manya, sai aka tsare lafazi. A na biyu an ɗauka yana magana ne da iyali kirista, sai aka tsare ashar da saɓo. A na uku an yarda cewa wanda ake yi wa ba'a yana cikin masu kallo kuma yana biyan lasisi, sai aka tsare kalmomin ƙasƙanci. Ga mai nazarin harshe, amfanin waɗannan wasiƙu da ƙararraki shi ne suna nuna, da kwanan wata, lokacin da kalma ta yi nauyi da lokacin da ta yi sauƙi a kunnen al'umma, abin da ƙamus ba ya saurin kamawa. Sharaɗin amfani da su shi ne a riƙa haɗa su da binciken waɗanda ba su rubuto ba, a kuma san wanda ya tara su da dalilin tara su.